JAWABI KAN GUDUN ASUBA DA HAƘƘIN HANYA

 

Maganarmu a yau kan gudun motsa jiki ce, wanda wasunmu suka fara bayan sallar asuba. Wannan abu ne mai kyau. Mu 'yan kasuwa a zaune muke wuni cikin rumfa, har hawan jini da ciwon sukari suka zame mana ruwan dare. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce baligi ya samu aƙalla minti 150 na matsakaicin motsa jiki a mako, wato kamar minti 30 sau 5. Kuma ya tabbata Manzon Allah (S.A.W.) ya yi tsere da Nana A'isha, saboda haka babu abin kunya a ciki.

Mai gudu dole ya saurari jikinsa. Ya lura da numfashinsa, da bugun zuciyarsa, da gwiwarsa. Wasunmu ma suna yin azkar ɗinsu na safe a zuci suna tafe. Madalla. To amma akwai waɗanda idan sun yi nisa a ciki, sai su toshe kunne da abin sauraron waya, su wuce dattijo ko kallo babu.

'Yan'uwa, kada mu manta neman abinci ya kawo mu. Daga Kano da Katsina da Sakkwato muka taso, muka sauka garin da Abu Ja ya kafa a 1828, muka tarar da Zage-zagi da Gbagyi da Koro, suka karɓe mu. Idan ɗanmu ya wuce babu sallama, ba sunansa za a kira ba, cewa za a yi baƙin nan ba su da ladabi. Sannan mutumin da ke gudu cikin duhu, an yi masa magana bai amsa ba, me 'yan banga za su zata?

To, ga wani ma'auni mai sauƙi. Masana sun ce matsakaicin gudu shi ne wanda mutum zai iya magana yana yin sa. Saboda haka idan an yi maka sallama, haki ya hana ka amsawa har zuwa "wa barakatuhu", ka wuce ƙarfinka, sai ka rage. Ka ga amsa sallamar nan da malamanmu na Islamiyya suka sa cikin haƙƙoƙin hanya, ita ce kuma za ta auna maka ƙirjinka. Sauri dai ya haifi nawa.

Sauran haƙƙin hanya kuwa, a runtse ido ga mata masu ɗibar ruwa, wando ya rufe gwiwa, a kauce wa yara. Tun 1972 motoci a ƙasar nan hannun dama suke bi, saboda haka mai gudu ya bi hagu yana fuskantar abin da ke tahowa. A sa farar riga, musamman lokacin hazo. Babban titin Kaduna wajen Madalla kuwa a bar wa tireloli abinsu. In da hali a fita mutum biyu ko uku, kuma a bari gari ya ɗan waye.

Allah Ya ƙara mana lafiya, Ya bar mu da mutanen Suleja cikin zaman lafiya, amin. Wassalamu alaikum.