Man "Motsa Jini": Mu San Abin da Muke Ɗaukowa
Jawabin magatakardan ƙungiya a bikin zagayowar ranar kafuwarta

Ranka ya daɗe shugaban ƙungiya, iyayenmu dattawan kasuwa, Alhazai da Hajiyoyi, 'yan uwana matasa, da baƙinmu da suka taso daga Maraɗi, Damagaram, Ƙonni, Kano, Katsina da Sakkwato, sannunku da zuwa, barkanmu da ganin wannan rana.

Lissafin shekara yana cikin takardar da aka raba muku, don haka ba zan maimaita shi ba. Shugabanni sun ba ni izini in yi amfani da lokacina a kan wani kaya da ya yawaita a lodin membobinmu a 'yan shekarun nan, wato man gashi da man gemu da man fuska da ake tallansu da cewa suna "motsa jini". Kaya ne marar nauyi, ga riba, ga masu nema. Amma a ƙarƙashin wannan suna guda akwai kaya iri biyu, ɗaya kayan shafa, ɗaya kuwa magani. Wanda bai rarrabe su ba yana iya rasa jarinsa a kan iyaka, ko ya cuci mai saye ba da niyya ba.

Kowane silin gashi yana da saiwa a cikin fata, kuma ƙananan jijiyoyin jini ne ke kai wa saiwar abinci. Daga nan masu talla suka samo maganarsu: a buɗe jijiya, jini ya ƙaru, gashi ya tsiro. Maganar tana da ƙamshin gaskiya, sai dai ba kowane man da ya ɗumama fata ne yake tsirar da gashi ba.

Kashi na farko su ne masu sa fata ta yi ɗumi ko ta yi ja. A cikinsu akwai ruwan barkono, da citta, da kafur, da wani sinadari dangin bitamin B3 da ake rubutawa Methyl Nicotinate a jikin kwalba. Ana shafawa, cikin 'yan mintoci jijiyoyin saman fata su buɗe, wurin ya yi zafi, jim kaɗan kuma ya lafa. Mai saye yana jin raɗaɗin sai ya ce, "Lalle yana aiki." Raɗaɗin shaida ce cewa man ya taɓa fata, bai nuna saiwar gashi ta farfaɗo ba. A man fuska ma haka ne: fuska takan yi sheƙi na ɗan lokaci, sannan ta koma yadda take. Ga macen da man bilicin ya riga ya sirantar mata da fata kuwa, irin wannan man yana iya ƙona ta.

Kashi na biyu shi ne Minoxidil, kuma a kansa nake roƙon ku buɗe kunne. Asalinsa ƙwayar maganin hawan jini ce. Kamfanin Upjohn na Amurka ne ya haɗa ta, aka amince da ita a 1979. Sai likitoci suka lura masu shan ta gashi yana fito musu a fuska da jiki. Daga nan aka yi na shafawa, wanda hukumar magunguna ta Amurka ta amince da shi a 1988 da sunan Rogaine, don maganin sanƙo. Yana zuwa da ƙarfi biyu, na kashi 2 da na kashi 5 cikin 100. Yana buɗe jijiyoyin jini, yana kuma tsawaita lokacin da silin gashi yake yi yana girma kafin ya zube. Yana yi wa wasu aiki, wasu ba ya yi musu. Magani ne cikakke, shi ya sa dokar Tarayyar Turai ta hana a sa shi a cikin kayan kwalliya.

Tunda magani ne, yana da ƙa'ida. Na ruwa, mililita 1 ake shafawa sau biyu a rana, a fatar kai mai lafiya, don haka kwalba mai mililita 60 wata guda take yi. Sai an yi wajen wata huɗu ana shafawa kafin a ga sauyi, kuma a makonnin farko gashi yakan ƙara zubewa. In aka daina, gashin da ya fito yakan zube cikin 'yan watanni. Ba a ba mai ciki, ko mai shayarwa, ko yaron da bai kai shekara 18 ba. Mai ciwon zuciya sai da izinin likita. Wanda ya zabga shi da yawa yana iya jin jiri, ko bugun zuciya, ko ƙafafunsa su kumbura. Mace tana iya ganin gashi ya fito mata a kumatu. Yaro in ya sha, jininsa yana iya faɗuwa, sai asibiti cikin gaggawa. Kyanwa ma in ta lasa tana iya mutuwa.

To, ina ruwan ɗan kasuwa da duk wannan? Ruwanmu uku ne.

Na farko, kan iyaka. Takardun magani daban, na kayan shafa daban. A Nijeriya, hukumar NAFDAC ce ke yi wa duka biyun rajista, kuma sayar da magani yana buƙatar lasisi. Kowace ƙasa da muke shiga tana da tata hukumar. In ka rubuta "man gashi" a takardar kaya, jami'in kwastan ko na duwan ya buɗe katan ya ga magani, kayanka sun shiga hannu, kuma ƙungiya ba ta da bakin roƙo a kan wannan. Mun ga yadda jari ya narke lokacin da aka rufe iyaka daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, da kuma bayan Yulin 2023. Abin da ya saura a hannunmu bai kamata ya salwanta saboda rashin karanta jikin kwalba ba.

Na biyu, jabu da haɗe-haɗe. Duk kayan da ya yi farin jini sai an kwaikwaye shi. Akwai kuma masu zuba Minoxidil a cikin man kwakwa ko man zaitun, su ɗura a kwalbar da ba suna ba adireshi, su ce haɗin gargajiya ne. Mai saye bai san magani yake shafawa ba, bai san ƙarfinsa ba. In mai ciki ta saya a hannunka, wa zai ɗauki alhakin? Araha ba ta ado.

Na uku, ajiya. Na ruwan yana da sinadari mai saurin kama wuta, kuma wuri mai sanyi yake so. Kada a bar shi a saman mota a ranar bazara, kada a ajiye shi kusa da jarkar fetur ko murhun mai shayi.

Sai abin da za mu faɗa wa mai saye. Gashin mutum wajen santimita ɗaya yake ƙaruwa a wata. Duk kwalbar da ta yi alkawarin cika sanƙo cikin mako biyu ƙarya take yi, kuma ramin ƙarya ƙurarre ne, a ƙofar rumfarka zai ƙare. Zubar sili 50 zuwa 100 a rana ba ciwo ba ne. Sanƙon maza yawanci gado ne. Iyayenmu mata kuwa, sau da yawa kitso mai tsauri ne ke cinye musu gaban goshi, maganinsa na farko a sassauta kitson. Zubar gashi bayan haihuwa takan tsaya da kanta. Makeron yara cuta ce mai yaɗuwa, maganinta a asibiti yake. Ƙarancin jini ma yana zubar da gashi. Wanda ka gaya wa gaskiya ka tura shi wurin likita, yau ba ka ci kuɗinsa ba, amma gobe shi zai kawo maka ɗan uwansa.

Don haka ofishin magatakarda yana roƙon abu huɗu. Kafin ka yi sari, ka juya kwalba ka karanta abin da ke ciki, in ba ka karanta Turanci ko Faransanci, kawo ofis a karanta maka kyauta. Ka duba lambar rajista, da sunan kamfani da adireshinsa, da ranar da kayan zai daina aiki. Ka karɓi rasiɗi mai sunan wanda ya sayar maka, ka adana. Duk abin da aka rubuta Minoxidil a jikinsa kuwa, a bar wa masu lasisin sayar da magani.

Iyayenmu da suka kafa wannan ƙungiya sun bar mana suna mai kyau, har ana ba ɗan ƙungiya kaya bashi a ƙasar da ba tasa ba, a kan kalmarsa kawai. Wake ɗaya shi ke ɓata gari. Mu tsare wannan suna.

Allah ya jiƙan magabatanmu, ya ƙara wa dattawanmu lafiya, ya ba mu kasuwa mai albarka, ya mai da kowa gidansa lafiya.