LACCA: Dutsen Batir Da Haƙƙin Talaka



Yau maganarmu a kan litiyam ce, ma'adinin da ake yin batirin waya da na mota mai lantarki da shi. Yana zaune ne cikin wata jijiyar farin dutse mai manyan ƙwayoyi. Masu nemansa sukan fasa ɗan ɓalli su kai awo, su haƙa rami, sa'an nan su kawo injin huda dutse su zaro cikinsa. In awo ya yi kyau, sai maganar fili ta tashi. Mu kuwa garinmu Dutse ya ci sunansa. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

A 1942 Turawa suka yi ɗiban gwamna, aka kwashi talakawa zuwa haƙar kuza a Jos, sanyi da yunwa suka ci da yawansu. Kuza ta tafi Ingila, ramuka suka zauna. A 2010 gubar dalma daga haƙar zinariya ta kashe yara sama da 400 a Zamfara. A 2024 aka buɗe masana'antar litiyam ta 'yan Sin a Jihar Nasarawa, a shekarar kuma manema labarai suka tarar da yara ƙanana suna tsintar dutsen nan a ƙauyen Pasali maimakon makaranta. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi!

To, ku ji abin da doka ta ce. Ma'adinin ƙarƙashin ƙasa na Gwamnatin Tarayya ne, lasisi daga Abuja yake fitowa. Amma dokar ma'adinai ta 2007 ta ce a nemi yardar mai fili, a biya diyyar gona da amfaninta, kamfani kuma ya ƙulla yarjejeniya a rubuce da jama'ar gari kafin ya soma haƙa.

Saboda haka ran da baƙo ya zo da takarda, ko da wane babba ya rako shi, kada kowa ya dangwala hannu shi kaɗai. A ce ya nuna lasisi. A karanta takardar da Hausa a bainar jama'a. A rubuta maganar ruwan sha da diyya da cike ramuka.

Ba mu ƙi arziki ba, jama'a. Zalunci muka ƙi. Allah ya ba talaka sa'a, amin.