Zugazugi Mai Sarrafa Kansa: Lacca a Kan Na'urar Daidaita Zafin Gashin Nama



Mun sani akwai waɗanda suka yi murmushi da suka ga kan wannan lacca a allon sanarwa, suna cewa me ya haɗa jami'a da gashin nama. To, muna roƙon a ba mu aron kunne. Na'urar da za mu yi magana a kanta ƙarama ce, ba ta fi tafin hannu ba, amma ilimin da ke cikinta shi ne wanda ke tafiyar da matatar mai da jirgin ruwa. Kuma gobe wasu daga cikinmu ne za su zauna a ofis a kawo musu takardar sayen irin waɗannan kaya da kuɗin jama'a.

Asalin abin daga Amurka yake. A jihohi irin su Tekzas suna da wani gashi na sannu a hankali, inda ake rufe ƙirjin sa ko haƙarƙari a cikin tanda, hayaƙin itace yana ratsa shi. Zafin da ake so shi ne digiri 107 zuwa 121 a ma'aunin Santigiret, kuma babban ƙirjin sa yakan ci awa goma sha biyu ko fiye kafin jijiyoyinsa su narke, cikinsa ya kai wajen digiri 93. Wato mai gashi zai kwana yana gadin wuta. Wannan kwanan zaune shi ne ya sa aka ƙera na'urar, wadda kamfanoni irin su BBQ Guru da Flame Boss da FireBoard ke sayarwa.

Kayanta uku ne. Akwai tsinken ƙarfe mai jin zafi da ake maƙalawa kusa da naman. Akwai ƙaramar fanka da ake ɗaurawa a ƙofar iska ta ƙasan tandar. Sai akwatin da ke tsakaninsu, wanda ke kwatanta zafin da tsinken ya ji da zafin da aka umarce shi ya riƙe. In zafi ya yi ƙasa, fanka ta hura; in ya kai, ta tsaya. Duk wanda ya taɓa zama a maƙera ya ga wannan aiki, domin yaron maƙeri da ke kan zugazugi haka yake yi: idonsa a kan launin garwashi, hannunsa yana ƙara iska ko yana ragewa. Gawayi ba ya ci sai gwargwadon iskar da ya samu. Wanda ya mallaki iska ya mallaki wuta.

Dabarar ba sabuwa ba ce. Wajen shekarar 1620 wani mutumin Holan mai suna Cornelis Drebbel, yana zaune a Ingila, ya ƙera tanda mai rufe ƙofar iskarta da kanta idan zafi ya yi yawa. Amma matsala ta rage. Gawayi yana da nauyin jiki, ba ya amsa umarni nan take. In fanka ta yi ta hurawa har sai zafi ya kai inda ake so, to garwashin da ta riga ta kunna zai ci gaba da ci, zafi ya zarce, sa'an nan ya faɗo, a yi ta hawa da sauka. A 1922 wani injiniya, Nicolas Minorsky, ya yi nazarin yadda gwanayen matuƙa jirgin ruwa ke riƙe akala. Ya lura ba nisan kaucewar jirgin kaɗai suke dubawa ba. Suna duban tsawon lokacin da ya ɗauka yana kauce, da kuma saurin da yake juyawa. Daga waɗannan abubuwa uku aka gina lissafin da injiniyoyi ke kira PID, kuma a 1942 Ziegler da Nichols suka fitar da hanyar daidaita shi. Wannan lissafi ne ke sa akwatin ya fara rage iska tun kafin a kai ga zafin da ake nema, kamar direban da ke sassauta ƙafa tun yana hango tasha.

Yanzu mu zo ga abin da masu talla ba su cika faɗa ba. Na'ura ɗaya ce, amma halinta yana sauyawa daga tanda zuwa tanda.

Inda ta fi jin daɗi shi ne tandar yumɓu mai kaurin bango da ake kira kamado, wadda asalinta daga Japan ne, kuma kamfanin Big Green Egg ya fara sayar da irinta a Amurka a 1974. Bakinta yana rufuwa ruf, iska ba ta da wata hanya sai ta fanka. To amma nan ma akwai tarko. Yumɓu yana riƙe zafi, saboda haka in aka bari ya zarce, sai a daɗe ana jiran ya huce, kuma na'urar ba ta da ikon sanyaya komai. Iyakarta ta daina hurawa. Shi ya sa ake kunna garwashi kaɗan kawai, a matse ƙofar hayaƙi ta sama har ta kusa rufuwa, a bar wuta ta hau a hankali.

Tandar ƙarfe mai siffar tukunya, irin wadda George Stephen na kamfanin Weber ya ƙera a 1952, bangonta siriri ne. Iska mai sanyi ko yayyafi yana kwashe zafinta, don haka fanka ba ta hutawa, gawayi kuma yana saurin ƙarewa. Babbar cutarta ita ce yoyon iska. In murfi bai zauna daidai ba, ko aka manta da sauran ƙofofin ƙasa a buɗe, wuta za ta ci gaba da shan iska ta ɓarauniyar hanya ko da fanka a tsaye take, akwatin yana ta ƙara, ba abin da zai iya yi. Sai an toshe kowace kafa tukuna.

Ta uku ita ce doguwar tandar Tekzas, mai ɗakin wuta a gefe guda, wadda ake hura wa guma-guman itace. A ganinmu, ɗaura mata na'ura asarar kuɗi ne. Itace yana son harshen wuta da wadatacciyar iska. In fanka ta tsaya don rage zafi, itacen ya koma turnuƙewa, hayaƙi ya yi kauri da ɗaci, nama ya ɓaci. A nan girman itacen da aka sa da lokacin sa shi ne ke daidaita zafi, wannan kuwa aikin mutum ne. Akwai kuma tanda mai cin ƙwayoyin garin katako, wadda Joe Traeger ya yi wa rajista a 1986. Ita da na'urarta take zuwa, makamashi take aunawa maimakon iska, kuma da an ɗauke wutar lantarki ta mutu.

Wani abu da ya shafe su duka: da an ɗaga murfi, zafi ya fice, tsinke ya ji sanyi, fanka ta tashi da ƙarfi alhali garwashi ya riga ya sha iska. Na'urorin kirki suna gane wannan faɗuwa ta farat ɗaya su dakata. Haka nan tsinken da aka ajiye jikin ɗanyen nama ko daidai kan garwashi ƙarya zai yi ta faɗa wa akwati.

To mu fa, ina ruwanmu? Mu fara da inda ba ta da amfani. Mai tsire a tukubarsa da mai balangu a kan waya a fili suke gashi, iska tana zuwa ta ko'ina, ba wata ƙofa da fanka za ta tsare. Kilishi kuwa rana ce ke yin yawancin aikinsa. Duk wanda ya zo da maganar zamanantar da waɗannan sana'o'i da wannan na'ura, a tambaye shi inda zai ɗaura fankar.

Inda muke ganin ƙofa ita ce bandar kifi, irin wadda ake yi a Baga da sauran garuruwan bakin Tafkin Cadi. Can ma gashi ne mai tsawo, wuta in ta yi yawa kifi ya ƙone, in ta yi kaɗan ya ruɓe kafin ya isa kasuwa. Amma darasin da muka gani a sama ya hau kanmu: sai an sami rufaffiyar tanda kafin a yi zancen na'ura. A Gana, tandar Chorkor da aka ƙera tare da matan da ke sana'ar a ƙarshen shekarun 1960 ta rage cin itace ba tare da waya ko batir ba, ta hanyar gyaran gini da jera faifan waya kawai. Kuma a sani na'urar zafi kaɗai take gani. Ba ta ganin kitsen da ke ɗiga a garwashi yana tayar da hayaƙi mai ɗauke da sinadaran da ke iya jawo ciwon daji, waɗanda saboda su ne Tarayyar Turai ta sa doka mai tsanani a kan kyafaffen kifin da ke shiga kasuwarta. Maganin wannan shi ne faranti mai tare kitse da raba wuta da kifi, kamar yadda aka yi a tandar FTT da Hukumar Abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar a Sanigal.

Ga 'yan'uwanmu na sashen injiniya, abin da muke ba da shawara shi ne a gwada kafin a saya. Ganga mai murfi, fankar tsohuwar kwamfuta mai cin bolt 12, batirin babur, tsinken auna zafi da ƙaramin allon lissafi irin Arduino sun isa. A hura ganga biyu da gawayi mai nauyi ɗaya, guda da fanka, guda da hannu, a rubuta zafin kowacce duk minti goma, a auna gawayin da ya rage. A yi gwajin a fili, kada a kuskura a yi shi cikin ɗaki, domin iskar gawayi ba ta da wari kuma tana kisa. A maimaita shi lokacin hunturu da lokacin bazara, tun da bangon ganga siriri ne.

Malam Shugaba, a nan za mu dakata, mu saurari tambayoyi.