Girafin zai fara shiga gida ta lasifikar kunne

Ingancin sautin lasifika yana rataye ne a kan siririyar fatar da ke karkarwa tana tura iska. Ana so ta zama marar nauyi amma mai ƙwari, kuma girafin, wanda masana Geim da Novoselov suka ɓamɓaro daga sinadarin bakin fensir a Manchester a 2004, ya haɗa biyun. A 2013 masana a Berkeley ta Amurka suka ƙera lasifikar kunne da shi, sauti ya fito tas. Masu kukan tsadar girafin suna da hujja, domin samar da faffaɗan falle mai tsabta aiki ne ja. Sai dai fatar lasifikar kunne ba ta wuce girman farce ba, don haka ta nan girafin zai fara isowa kasuwa kafin manyan akwatunan falo.