Gonar 'Ya Mace da Zancen Haƙƙin Mata

A wannan zama akwai iyayenmu mata waɗanda suka baro hidimar gidajensu daga Tamawa da Kurfi da cikin garin Dutsin-Ma domin su saurari magana a kan abin da ya shafe su.

Akwai wani zato da ya kafu a zukatan jama'armu, har ya zama kamar ba ya bukatar hujja, wato duk macen da ta buɗe baki ta ambaci haƙƙin mata, to, ko dai 'yar boko ce wadda zaman aure ya gagara, ko kuwa 'yar koren Turawa ce da aka turo ta raba mata da mazajensu. Ba na musun cewa a cikin abin da ake kawo mana daga Turai da Amurka da sunan daidaita jinsi akwai wanda ya saɓa wa nassi, kuma kowa ya san da hujjar addini Majalisar Dattawa ta yi watsi da ƙudurin daidaita jinsi a shekarar 2016, wanda batun gado yake cikin abubuwan da ya taɓa. Mun ce ba mu yarda a raba daidai wa daida ba, domin Allah Ya riga Ya yanke rabo a cikin Suratun Nisa'i. Madalla. To, rabin da Ya yanke wa 'ya mace, muna ba ta shi?

Duk wanda ya taɓa zama wurin rabon gado a ƙauyukanmu ya san yadda abin yake gudana. Bayan sadakar arba'in a shimfiɗa tabarma a zaure, a kira liman, a lissafa riguna da awaki da ragowar hatsin rumbu, a ba kowa nasa ba tare da gardama ba. Amma da zarar an zo kan gona, wadda ita ce ainihin dukiyar mamacin, sai murya ta sauya, wani dattijo ya yi gyaran murya ya ce a bar ta a hannun yaya kada gona ta fita gida, a waiwayi 'ya mace a ce da ita, ai ke kina gidan wani. Idan kaka ta yi a aika mata da damin gero biyu, ta yi godiya kamar kyauta aka yi mata, alhali kuwa haƙƙinta ne aka gutsuro. In ta daure ta je gaban alƙali, sai gari ya ɗauka wance ta kai 'yan'uwanta ƙara, ta yanke zumunci, idonta ya buɗe. A yau da ta'adin 'yan bindiga ya bar mata da yawa a wannan yanki da marayu a hannu, wannan zalunci ya tashi daga abin kunya ya koma yunwa.

Wanda ya ce wannan magana baƙuwa ce, lalle bai karanta tarihin ƙasarsa ba. Mujaddadi Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, a cikin Nurul Albab, ya yi kakkausan zargi ga malaman zamaninsa da suke karantar da almajirai a waje su bar matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci. 'Yarsa kuwa Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864, ita ta kafa tsarin 'Yan Taru, tana naɗa wa jajoji, wato jagororin mata, malfa tana tura su ƙauyuka su karantar da mata. A lokacin da take wannan aiki, matar aure a Ingila ba ta da cikakken ikon mallakar dukiyarta, sai da aka yi doka a 1882, alhali Shari'a ta daɗe da tabbatar wa mace sadakinta da gadonta da ribar sana'arta, ba miji ba uba da yake da ikon taɓa su sai da yardarta. Hajiya Gambo Sawaba ta Zariya kuma ta sha ɗauri a ƙarƙashin tutar jam'iyyar NEPU tana neman a bar matan Arewa su jefa ƙuri'a, abin da bai tabbata ba sai a 1976, kuma ita ma an jefe ta da irin sunayen da ake jifan 'ya'yanmu da su yanzu.

Saboda haka roƙona ga limamai da masu unguwanni da suke zaune a nan, tun da a gabanku ake wannan rabo, kada ku shafa fatiha a tashi sai an taka gona an auna ta, an nuna wa kowace 'ya iyakarta an dasa gamba a kai, an rubuta a takarda an ba ta a hannunta. In daga baya ta ga dama ta ba yayanta aro ko haya, ta faɗa da bakinta a gaban shaidu biyu, a rubuta wannan ma.