Ragon Yaro Na Yaro Ne

(Jawabin da malamar dabbobi, wadda ita ma 'yar ƙungiya ce, ta gabatar a bikin zagayowar ranar kafa ƙungiyarmu. Mun buga shi domin waɗanda ba su samu halarta ba.)

 

Uwar ƙungiya, Hajiya shugaba, ma'aji da sakatariya, iyayena, yayyena da ƙannena, mazajenmu da suka daure suka zo suka zauna can baya, da 'ya'yanmu da suka cika tabarmar gaba. Barkanmu da ganin wannan rana. Waɗanda aka fara tafiyar nan da su suka riga mu gidan gaskiya, Allah ya jiƙansu, ya kyauta namu zuwan.

An ce in yi magana a kan kiwo. To ai kiwo ba baƙonmu ba ne. Da yawanmu da kuɗin akuya muka yi kayan ɗakin 'ya'yanmu, da kuɗin rago muka biya zubin adashe. Saboda haka yau zan karkata ga yaran nan da ke gabana, da wata al'ada tamu da nake so mu duba tare.

A kusan kowane gida akwai dabbar da ake kira da sunan yaro. Kaka ta ba shi, ko kawu ya yi masa kyauta ranar suna, ana ta cewa "tunkiyar wane ce". Shi ke yanko mata ciyawa, shi ke ba ta ruwa. Ran da buƙata ta taso, sai ya dawo daga makaranta ya tarar da turke babu komai. Ba a shawarce shi ba, ba a gaya masa nawa aka sayar ba, in ya yi kuka a ce masa, "Kai wa ke ciyar da kai?" Na san talauci ne ke sa wannan, ba mugunta ba. Amma ku duba darasin da yaron ya ɗauka: wahala tasa, kuɗi na manya. Shi ya sa in ya girma yake gudun turke, sai mu dawo muna cewa yaran yanzu ba sa son aiki.

Akwai inda aka yi wa wannan matsala dabara, bari in ba ku labari. A Amurka akwai wata ƙungiyar yara da matasa da ake kira 4-H. Sunan ya fito ne daga kalmomi huɗu na Turanci masu farawa da harafin H, ma'anarsu kai, zuciya, hannu da lafiya. Ana danganta mafarinta da wani malamin makaranta, A. B. Graham, wanda ya tara yaran karkara a jihar Ohayo a 1902, yana koya musu gwajin ƙasa da noman masara. A lokacin manyan manoma ba sa sauraren sababbin dabarun da masana suka kawo. Sai aka lura in yaro ya gwada a ɗan fegi, uba ya ga amfanin ɗansa ya fi nasa, shi ke nan ba sai an roƙe shi ba. Gani ya kori ji. A 1914 gwamnatinsu ta yi dokar da ta kafa aikin malaman gona a duk ƙasar, ƙungiyoyin yaran suka shiga ƙarƙashinsa. Yau membobinta sun kai wajen miliyan 6. A Ingila ma an kafa irinta a 1921, a wani gari da ake kira Hemyock, inda aka fara da ba yara 'yan maruƙa su rena. Mu ma nan, waɗanda suka yi makaranta a shekarun baya za su tuna da ƙungiyar matasan manoma da gonar makaranta.

To ya suke yi da tumaki? Yaro ko yarinya za su samu ɗan rago, a rubuta shi da sunan yaron, a sa masa lamba a kunne, a auna nauyinsa. Daga ranar yaron zai buɗe littafi, ya riƙa rubuta nawa aka saya, me ya ci, nawa abincin, wane magani aka yi masa, nawa ya ƙaru. Bayan 'yan watanni sai a kai shi wurin baje kolin amfanin gona na gundumarsu. A can hukunci iri biyu ake yi. Akwai na dabba: alƙali ya shafa bayan rago da cinyarsa, ya ji tsoka. Akwai kuma na yaron kansa: ya shigo fili da ragonsa, galibi ba igiya, hannu ɗaya a ƙarƙashin haɓa, ya tsayar da shi daidai, alƙali ya yi masa tambayoyi. Ragon da bai saba da kai ba ba zai bi ka a haka ba, saboda haka nan take ake gane wanda ya yi aikin da kansa. A ƙarshe a yi gwanjo, 'yan kasuwar gari su saya, sau da yawa sama da farashin kasuwa don ƙarfafa wa yara, kuɗin kuma ya shiga hannun yaron.

Su ma suna da nasu ciwon kai. Akwai iyaye masu hali da ke saya wa ɗansu ɗan rago mai tsada, su yi masa aikin, shi dai ya zo ya karɓi kyauta. Wannan mu kiyaye shi tun daga farko.

Kun ga babu abin da ke cikin wannan tsari da ya fi ƙarfinmu. Tumaki muna da su, na gari ma kuwa. Ga 'Yankasa, fari mai ɗigon baƙi a ido da kunne da baki, mai juriya da sauƙin ci. Ga Uda, gabansa baƙi ko ja, bayansa fari. Ga Balami, fari tas, dogo, mai gantsararren hanci, sarkin turke. Cibiyar binciken dabbobi ta NAPRI da ke Shika kusa da Zariya ta daɗe tana aiki a kansu. Kasuwa muna da ita, har wadda ba ta saɓa alkawari, wato Babbar Sallah. Ba da dabba kiwo ma mun gada. 'Yan'uwanmu Fulani suna da habbanaye, inda za a ba mutum aron macen dabba ta haifa masa, sannan ya mayar da uwar. Abu biyu kawai muka rasa: littafi, da amanar barin wa yaro abinsa.

Saboda haka ga shawarata ga ƙungiya. Mu buɗe reshen yara, mu fara da goma kacal, maza biyar mata biyar, 'yan shekara 10 zuwa 17. Na ce mata biyar da gangan. Yarinyar da ke da rago a turke sana'arta tana cikin gida, a gaban idon uwarta, ba sai ta ɗauki farantin talla ta shiga tasha ba. Ƙungiya ta sayi ragunan wata uku zuwa huɗu kafin Sallah. A tuna Sallah tana matsowa da kamar kwana 11 kowace shekara, don haka sakatariya ta riƙa duba kalanda da wuri. A je babbar kasuwa, irin su Wudil ranar Juma'a ko Maigatari ranar Alhamis, a tafi da yaran su ga yadda ake ciniki da dillali. Sharaɗi ɗaya: wanda ya fara fashin makaranta ko Islamiyya saboda rago, ƙungiya ta karɓe abinta. Aikin turke na safe ne da yamma.

Yanzu ku 'ya'yana, ku buɗe kunne, wannan naku ne.

In za ka zaɓi rago, buɗe bakinsa. Rago ba shi da haƙoran gaba a sama, takwas ne a ƙasa. Wajen shekara ɗaya zuwa ɗaya da rabi ƙananan biyu na tsakiya suke faɗuwa, manya biyu su fito. Da haka za ka san shekarunsa ba sai dillali ya rantse maka ba. Duba ido, duba ƙafa, duba hanci ko yana yoyo, duba gindi ko akwai alamar zawo. Ka tuna mai sayen layya ba zai ɗauki mai ido ɗaya, ko gurgu, ko marar lafiya, ko ramamme ba.

In an kawo shi gida, a ɗaure shi gefe guda mako biyu zuwa uku kafin ya haɗu da sauran dabbobi. A kira malamin dabbobi ya ba shi maganin tsutsar ciki da na kaska, a yi masa rigakafin cutar nan da likitoci ke kira PPR, mai zuwa da majina da gyambon baki da zawo, wadda kan share garke guda. Ana yin allurar a Vom ta jihar Filato, kuma sau ɗaya tana kare dabba aƙalla shekara uku.

Abinci kuwa, harawar wake da ta gyaɗa su ne tushe, sai kowa, sai dusa, sai 'ya'yan gawo in an samu, da ɗan gishiri ko kanwa na lasa. Dusa da hatsi a shigar da su a hankali cikin mako biyu. In ka tula masa kwano guda ran farko, ko ya faɗa wa buhun hatsi, cikinsa zai kumbura, yana iya mutuwa kafin gari ya waye. Dusa da yawa ba isasshen ruwa kuma tana sa tsakuwa ta toshe wa rago fitsari. Saboda haka kada bokitinsa ya bushe. Leda kuwa, a tsince ta kullum, don in ya haɗiye ba ta narkewa. In ka gama share turke ka wanke hannu da sabulu, takin kuma ka tara a buhu, shi ma kuɗi ne.

Ba mu da sikeli, amma muna da tef ɗin tela. Duk ranar Asabar ki zagaya shi a ƙirjin ragonki, daidai bayan ƙafafun gaba, ki rubuta. In mako uku suka wuce lamba ba ta motsa ba, akwai matsala, ki zo ki faɗa.

Mako biyu kafin Sallah sai mu yi namu baje kolin, a wannan filin da muke zaune. Mu gayyaci mai unguwa, da sarkin fawa, da malamin dabbobi su yi alƙalanci. Kyauta uku nake ba da shawara: ta ragon da ya fi ƙaruwa daga yadda aka saye shi, ta littafin da ya fi tsabta da gaskiya, da ta yaron da ya fi iya riƙe ragonsa da amsa tambaya. Kun ga ba wanda zai ci don nasa ya fi girma tun asali. Duk wanda aka kama ya ɗura wa rago ruwan kanwa don ciki ya cika, ko ya yi masa allura gab da sayarwa, ya fita daga gasa. Kowane magani yana da kwanakin da ake jira kafin a ci naman, kuma mutane ne za su ci.

Sai maganar kuɗi, inda ake samun saɓani. Bari in yi misali kawai. A ce an sayi rago naira 100,000, ya ci abinci da magani na 40,000, aka sayar 170,000. Ƙungiya ta cire 140,000 ɗinta, ba ƙari ba ruwa. Saura 30,000, ita ce riba, kuma ta yaro ce. A ajiye masa rabi a littafin ma'aji da sunansa, jarin baɗi. Rabin kuma a zauna da shi a tsara: takalmin makaranta ne, kuɗin jarrabawa ne, ko zai taimaka wa gida da bakinsa. Wallahi yaron da aka bar wa zaɓi, sau da yawa shi da kansa zai miƙo wa uwarsa, kuma ba zai manta daɗin wannan kyauta ba.

Wata za ta ce, to in ragon ya mutu fa? Tambaya ce mai kyau, don dabba rai gare ta. Mu buɗe ɗan asusun ko-ta-kwana, kowane rago a sa masa wani abu kaɗan tun ranar saye. In ya mutu ba da sakaci ba, littafi ya nuna an yi abin da ya kamata, asusun ya ɗauki asarar. Kada a bar yaro da bashi, kada kuma a doke shi. Wata kuma za ta ce, ran sayarwa zai yi kuka. E, zai yi. Wata huɗu yana shafa kansa, ai dole. A bar shi ya yi, a rarrashe shi, a gaya masa tun ranar farko cewa ragon nan baƙo ne, Sallah zai tafi.

Iyayena maza da ke baya, roƙona gare ku ke nan, da mu mata baki ɗaya. Duk gidan da zai karɓi rago, uba da uwa su sa hannu a gaban shugaba cewa ba za a kwance shi ba, ba za a ci bashi a kansa ba, ba za a yanka shi layyar gida ba sai an biya kuɗinsa kamar kowa. In lalura ta taso, rashin lafiya ko haihuwa, a zo ƙungiya, ai don haka muka kafa ta. Turken yaro dai a bar masa.

Hajiya shugaba, ina roƙon a sa wannan magana a zaman wata mai zuwa a kaɗa mata ƙuri'a. In an amince, ni na ɗauki nauyin zagaya gidajen goma duk bayan mako biyu, kyauta. Littattafai goma da tef goma kuma, wadda Allah ya hore wa ta ga ma'aji kafin a tashi.

Allah ya yi wa 'ya'yanmu albarka, ya sa su fi mu. Allah ya ƙara wa wannan ƙungiya haɗin kai, ya maimaita mana.