Noman Kabeji a Lambun Gida: Mas'alar Lokaci Kafin Komai

 

Abin da aka ɗora mini shi ne in yi bayani a kan noman kabeji a lambun gida a ƙasa mai zafi irin tamu, kuma hujjar da nake son kafawa guda ɗaya ce, watau cewa mafi yawan hasarar da masu lambu ke yi a kan wannan ganye daga rashin lura da lokaci take tasowa, ba daga ƙarancin taki ko rashin ƙwazo ba.

Asalin kabeji daga gaɓar tekun Turai yake, inda sanyi da laima suka yawaita, saboda haka ɗabi'arsa ce ya fi jin daɗi idan zafi yana tsakanin digiri 15 zuwa 20 a ma'aunin Salshiyas. In kuwa ya zarce 25 ya daɗe a haka, sai ka ga ganye ya baje, ya ƙi naɗewa, kai ya fito sako-sako babu nauyi. Wannan shi ne sababin da ya sa Jos, wadda take bisa tsauni mai tsawon kimanin mita 1,200, ta zama matattarar kabejin da ake lodi zuwa kasuwanninmu, alhali mutumin Kano ko Katsina ko Maraɗi ba shi da wata dama ta sosai sai 'yan watannin hunturu, lokacin da dare ke yin sanyi.

To, tun da yake haka al'amarin yake, wajibi ne mai lambu ya yi lissafinsa daga ƙarshe zuwa farko. Zafin bazara yana kankama a watan Maris. Kabeji yana buƙatar mako huɗu zuwa shida a wurin reno, sa'an nan wata biyu da rabi zuwa uku bayan dashe. Wanda ya zuba iri a Oktoba, ya dasa a Nuwamba, zai yanka a Janairu ko Fabrairu cikin rufin asiri. Amma wanda ya yi jinkiri har sai da ya ji sanyi a jikinsa tukuna ya tuna da iri, to kabejinsa zai fara naɗe kai daidai lokacin da rana ta buɗe, kuma ban ruwa, komai yawansa, ba ya mayar da abin da zafi ya hana.

Sauran sharuɗɗan ba su da wuyar fahimta. A yi wa wurin reno 'yar rumfar ciyawa, a dasa da yamma bayan shuka ta yi ganye huɗu ko biyar, a bar tazarar kamu ɗaya, watau kimanin santimita 45 zuwa 50, a fangalin da aka cakuɗa da ruɓaɓɓen taki. Ban ruwa kuwa ya zama bisa ƙa'ida, domin idan ƙasa ta bushe sa'an nan aka malala mata ruwa a tashi ɗaya bayan kai ya ƙosa, sai ya tsage.

Babbar abokiyar gaba ita ce 'yar koriyar tsutsar nan da ke ɓuya a bayan ganye tana huda shi, wadda ita ma zafi ke ƙara mata hayayyafa. A ganina, ga abin da iyali za su ci ɗanye a kwaɗo da ƙuli-ƙuli ko a gefen tsire, ya fi dacewa a riƙa duba ganye da safe ana tsincewa, ana fesa jiƙon dakakkun 'ya'yan darbejiya, maimakon a dogara da maganin kanti, wanda tsutsar ta shahara da saurin sabawa da shi. Kada kuma a maimaita kabeji a fangali ɗaya shekara bayan shekara, saboda cutar ruɓa tana kwana a ragowar ganye.

Saura maganar iri. Kabeji ba ya fure sai ya sha sanyi mai tsawo, don haka a ƙasarmu ba a ajiye irinsa kamar na kuɓewa ko yakuwa, sai dai a saya kowace shekara. Copenhagen Market tsohon iri ne mai saurin nuna, KK Cross kuwa, wanda aka samar a Japan, ya fi jure zafi, shi ne kuma nake ba da shawara ga wanda ya makara. Kowanne aka zaɓa, a duba kwanan watan da ke jikin gwangwani ko leda kafin a biya kuɗi, domin irin da ya sha zafin shago ba ya tsira yadda ya kamata.